Filin Ƙwallon Tawa: Na Ranar Biki Ne Ko Na Kullum?

Ranar 18 ga Disamban 2017 Nijar duka ta hallara a Tawa. Shekara 59 ke nan da kafa jamhuriya, kuma a tsarin bikin da ke zagaya jihohi, layi ya zo kan babban birnin Adar. Doso ta yi nata a 2014, Maraɗi a 2015, Agadas a 2016, daga Tawa kuma aka nufi Damagaram. Kowane gari da sunan shirinsa. Na nan shi ne Tawa Sakola. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ɗan Dandaji ne, ɗan jiha, don haka ba wanda ya zaci za a yi wa garin ƙwauro. An shimfiɗa kwalta, an kafa fitilun titi, an gina masaukai da dandalin manyan baƙi, an gyara filin jirgin sama da wuraren taro. Kafin wannan ma, a zamanin Tanja Mamadu da ya soma yawo da bikin a 2006, Tawa ta karɓi baƙi a 2007.

Duk wanda ya san garin kafin waɗannan ayyuka ya san fuskarsa ta sauya, kuma ba a raina wannan. Sai dai aikin biki yana da halinsa. Ranar a yanke take, ba ta matsawa, don haka komai da gaggawa ake yin sa, kuma idon mai zane yana kan yini guda: inda shugaba zai zauna, inda sojoji za su yi fareti, inda motocin baƙi za su tsaya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Filin ƙwallo na daga cikin abubuwan da wannan gaggawa ta fi cuta, domin bikin yini ɗaya ne, shi kuwa filin zai zauna da mutanen gari shekara talatin ko fiye. Duk ranar da kuɗin sabon fili ko na babban gyara suka sake zuwa Tawa, ko daga gwamnati, ko daga hukumar ƙwallo ta ƙasa FENIFOOT, ko daga wata ƙasa, ya kamata su tarar gari ya riga ya san irin filin da yake so.

Masu filin dai ba ɓoyayyu ba ne. Akwai ƙungiyoyi irin su Ader FC da JS Tahoua da suka ɗauki sunan garin zuwa gasar ƙasa. Akwai ƴan lakwal, da ɗaliban Jami'ar Jibo Hamani, da gasar babban hutu da ke haɗa unguwa da unguwa. Ƙarƙashinsu duka akwai yaran da ke buga tamola ba takalmi a duk wani fegi da ba a kai ga ginawa ba, da duwatsu biyu a matsayin raga. Waɗannan fegi su ne ke ƙarewa. Ƙidayar 2012 ta samu kusan mutum 150,000 a birnin, kuma tun daga lokacin yankan filaye bai tsaya ba. Wurin da aka yi wasa bara, bana an kewaye shi da bulo. Idan gari ya ci gaba da cinye filayen yara, filin jiha shi kaɗai zai rage, kuma dole ya ɗauki nauyin da ba a zana shi dominsa ba.

A cikin gari ko a bayan gari

Abin da ya fi sauƙi ga hukuma shi ne ta fita bayan gari, ta samu sarari mai arha, ta dasa katafaren gini. Ba rigimar diyya, ba maƙwabta. Adarawan da ke bida a Abijan sun ga inda wannan tunani ke kai wa: filin Ebimpe mai ɗaukar mutum 60,000, wanda aka buɗe a 2020, yana can gefen birni, zuwa kallo a cikinsa tafiya ce ta musamman. A Gabon, inda su ma ƴan Adar ba baƙi ba ne, an gina wa gasar cin kofin Afirka ta 2017 fili a Oyem, nesa da gari, ana tashi daga gasar ciyawa ta soma cinye shi.

A Kano akasin haka aka yi. Filin Sani Abacha yana Ƙofar Mata, tsakiyar hada-hada, kusa da marina da manyan kasuwanni. Ranar da Kano Pillars ke wasa a gida, da yawa da ƙafa suke zuwa, daga shago ko daga unguwa. Cunkoso akwai shi, kuma masu zama kusa suna jin jiki, amma ba a taɓa rasa masu shiga ba.

Ga gari irin Tawa zaɓin a fili yake. Mafi yawan masu kallo ba su da mota. Matashin da zai biya kabu-kabu zuwa da dawowa, sannan ya biya kuɗin ƙofa, zai gwammace ya zauna a fada ko ya shiga gidan kallo ya ga wasan Turai. Filin da ɗan Bilbis ko ɗan Wadata ko ɗan Sabon Gari zai iya takawa ya isa bayan la'asar, ya kuma dawo gida kafin isha'i, shi ne zai rayu. Wanda aka kai bakin daji zai cika ranar buɗewa, daga nan sai awaki.

Rana, iska da ruwa

Ƙa'idar da FIFA ke ba masu zane ita ce tsawon fili ya miƙe daga arewa zuwa kudu, don kada rana ta shiga idon mai tsaron gida. Babbar rumfa kuma a yamma ake sa ta, rana ta faɗi ta bayanta. Wannan daidai ne, amma a duba abin da yake haifarwa a ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40. Manyan baƙi suna yamma cikin inuwa. Talakawa masu tikiti mai arha suna gabas, kan dakalin siminti da ya yini yana shan rana, ranar kuma tana dukan fuskarsu har a tashi. Haka aka saba gina filayen jihohi, kuma shi ya sa za ka ga mutane sun bar wurin zama sun takure a duk inda bango ya yi ƴar inuwa. Idan kuɗin rufi ba su isa ko'ina ba, ni a ganina gabas ya fi cancanta a fara rufewa, domin can ne jama'a suke.

Rufin kuma sai an yi shi da sanin ƙasa. Kowane magini a Adar ya san hadari daga gabas yake tasowa, da guguwa a gabansa, shi ya sa bangon gabas ke fara zaizayewa. Kwanon da aka kafa ba tare da lissafin wannan iska ba, damana ɗaya ya ishe shi. Da hunturu kuma iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ƙura da rairayi ta zuba a fili. Maganin wannan ba sai an je nesa ba. A kwarin Majiya, tun 1975 aka soma jera layukan bedi don kare gonaki daga iska, aikin da ya yi suna har ƙasashen waje. A Keita, shirin da aka fara a 1984 da tallafin Italiya ya mayar da tsaunuka da faƙo wuraren da itace ke tsayawa. Manoman Ilela sun ƙware a tassa da rabin wata, ramukan da ke kama ruwan sama su riƙe shi a gindin shuka. Jihar da ta koya wa Sahel wannan sana'a bai kamata filin wasanta ya tsaya tsirara ba, ba ko itace ɗaya a kewayensa.

Maganar ciyawa ta fi wuya, kuma lissafi ne ke yanke ta. Filin ƙa'ida mita 105 ne a tsaye, 68 a kwance, wato murabba'in mita 7,140. Duk milimita ɗaya na ban-ruwa a kan wannan faɗi lita 7,140 ne. A ce da bazara ciyawa ta sha milimita 7 a yini, an doshi lita 50,000 ke nan, jarka 2,000 mai lita 25, kullum. A garin da ruwan ƙasa ke da zurfi, inda mata da ƴan ga-ruwa ke layi a famfo idan zafi ya tsananta, wa zai iya kare wannan a gaban jama'a? Ciyawar roba ba ta neman haka, kuma tana jure a yi wasa a kanta safe da yamma, abin da ciyawar gaske ba ta iyawa. Ita ma da nata: da tsakar rana tana ɗaukar zafi fiye da iskar da ke kanta, tana son shara da taza saboda ƙura, kuma bayan kamar shekara goma sai an sake ta. Duk da haka, ga filin da ƴan lakwal da ƙungiyoyin unguwa za su shiga kowace rana, ita ce ta dace, da sharaɗin a ajiye kuɗin sauya ta tun daga shekarar farko, a kuma sa fitila don a riƙa wasa bayan magariba. Hasken rana da ke wahalar da ƴan kallo shi zai biya wutar. Tashar wutar hasken rana ta Malbaza da aka buɗe a 2018 ta nuna abin yana yiwuwa a jihar.

Ruwan sama kuma fuska biyu gare shi. Tawa ba ta samun da yawa, abin bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, amma idan ya zo da ƙarfi yake zuwa, kuma ƙasar Adar mai duwatsu ba ta shanye shi, gangarowa yake yi. Duk wanda ya shafe hekta biyu ko uku da siminti a tsakiyar unguwa ba tare da magudana ba, ya tura ruwan ne cikin gidajen ƙasa na maƙwabta. Damanar 2024, wadda ta rusa dubban gidaje a faɗin ƙasa, ta isa gargaɗi. Ya kamata mai zane ya fara da tambayar inda ruwan unguwar ke bi, ya kuma san yadda tabkin Babaye da sauran kwaruruwan gari ke karɓar sa, kafin ya ja layin farko. Rufi mai murabba'in mita 2,000, a shekarar da aka samu milimita 350, zai tara lita 700,000. Ba zai shayar da ciyawa ba, kwana 14 ya ƙare. Amma zai riƙe bayi da wurin alwala, ya raya itatuwa, ya kuma rage abin da ke kwarara cikin lungu.

Ƙofofi

A nan ba a sassauci. Ranar 9 ga Mayun 2001, mutum 126 suka mutu a filin Akara, bayan an harba hayaƙi mai sa hawaye jama'a suka ruga suka tarar da hanyar fita a toshe. A Abijan, cikin Maris na 2009, mutum 19. A filin Olembe na Yawunde, sabo fil, mutum 8 suka rasu a bakin ƙofa a Janairun 2022. A Nzerekore ta ƙasar Gini, ranar 1 ga Disamban 2024, hukuma ta ƙirga 56. Labarin kusan ɗaya ne a ko'ina: ƙofa kaɗan, ko ƙunci, ko an garƙame don kada wani ya shiga bai biya ba. Filin Tawa yana bukatar ƙofofi masu faɗi ta kowace kusurwa, masu buɗewa waje, da sarari a gabansu inda taro zai bazu kafin ya hau titi, da hanyar da motar asibiti za ta shiga har bakin ciyawa. Wannan ya fi kujerun alfarma muhimmanci, kuma bai kai su tsada ba.

Unguwar da ke kewaye

Katanga doguwa marar ƙofa ba ta amfanar unguwa da komai. Da rana juji ake yi a gindinta, da dare mutane su guje ta. Idan kuwa aka juya bayan dakalan kallo suka zama shaguna masu fuskantar titi, wurin ya samu rai ko babu wasa. Tela, mai gyaran salula, mai shayi, mai balangu, mai sayar da cuku da kilishi, matan da ke kawo fura da kwaɗon zogale, duk suna neman wurin da jama'a ke wucewa. Ranar Lahadi, da kasuwar Tawa ke ci, sararin gaban fili zai iya ɗaukar motocin ƙauye da adaidaita maimakon su toshe hanya. Hayar shagunan kuma ita ce kuɗin da filin zai riƙe kansa da su. Abin da ke kashe gine-ginen gwamnati a ƙasarmu sananne ne: ana samun miliyoyin ginawa, a rasa jikunan sayen ƙwan fitila da gyaran famfo. Asusu na daban, wanda hayar ke shiga, wanda ƙungiyoyin wasa da wakilan unguwa ke ganin lissafinsa, zai yi abin da kasafin shekara bai taɓa yi ba.

Sai dai a nan ne zalunci ke saurin shigowa. Ƴan kasuwa ba su manta da 2016 ba, lokacin da aka bi titunan Yamai ana rushe shaguna da rumfuna da sunan ƙawata birni, da yawa ba su san inda za su koma ba. Duk inda aka ce za a yi babban aiki, kuɗin fili na tashi, masu hali su riga kowa saye, mai tebur da ya shekara ashirin a wurin a ce ya kwashe. Idan za a taɓa gidan wani ko rumfar wani, a ƙirga su tun kafin a zana, a biya diyya kafin a rusa, kuma sabbin shaguna su fara zuwa hannun waɗanda aka tayar. Ƴan bida da ke aiko da kuɗi daga Kodebuwa, Libiya, Kamaru da Najeriya sun saba gina gidaje da masallatai a garuruwansu. Za su iya sa hannu a irin wannan aiki idan sun ga takarda mai tsabta. Amma kada shigowarsu ta zama hanyar ture marasa ƙarfi.

Akwai kuma waɗanda zane kan manta da su gaba ɗaya. Filin da ba shi da bayi na mata, mai ƙofa da ruwa, ya riga ya ce kada su zo. Haka wanda ba shi da ɗakin sauya kaya da ƴan mata za su shiga da kwanciyar hankali, ko gangaren da mai keken guragu zai hau. Wurin sallah ma dole ne, tunda wasa tsakanin la'asar da magariba yake faɗawa.

Wa zai gina, da me

Masu cewa sai an kawo komai daga waje su je Yama. Masallacin da Falke Barmu ya soma ginawa da ƙasa a 1962 ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, kuma magini ne na ƙauye, ɗan wannan jiha. A Dandaji, Mariam Isufu Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun kammala cibiyar Hikma a 2018: sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin jar ƙasa da ake matsewa da inji, tare da maginan yankin. Kasuwar garin ma an yi mata rumfuna na ƙarfe masu hawa-hawa da ke ba da inuwa iska na ratsawa. Ba wanda ya ce a ɗora dubban mutane a kan ginin ƙasa. Dakali da ginshiƙai aikin siminti da ƙarfe ne, simintin kuma ga shi a Malbaza. Amma shaguna, ofisoshi, ɗakunan ƴan wasa da katanga za su fi sanyi da tubalin ƙasa da dutsen Adar, kuma kuɗin aikin zai tsaya a hannun maginan gida, waɗanda za a iya kira gobe idan wani wuri ya tsage.

Darasi mafi kusa yana filin kokawa. A Tawa aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, kuma har yau idan wannan gasa ta takobi ta zagayo filin Hamidin Maidare, gari ba ya ɗaukar mutane. Me ke sa wurin daɗi? Ƴan kallo suna kusa, suna kewaye da fage, makaɗi da ɗan kokawa da mai kallo duk suna jin numfashin juna. Filayen ƙwallonmu kuwa an saba sa musu hanyar tsere da shingen waya da wani sarari a tsakani, har mai kallo ya koma kamar yana leƙe daga wata unguwa. Idan ana son tsere, a ba shi wurinsa. Filin ƙwallo ya matso da jama'a bakin layi, yadda mutum dubu biyar za su yi amon dubu goma. Gasar takobi kuma sau ɗaya take zuwa cikin shekara takwas, abin da ke tuna mana cewa shi ma filin kokawa yana bukatar abin yi a sauran shekarun, kuma hukuma ɗaya mai kula da wuraren biyu za ta fi amfani.

Girma fa? Filin Janar Seyni Kunce na Yamai, wanda Sin ta gina aka buɗe a 1989, yana ɗaukar mutum 35,000, amma hakan bai hana hukumar ƙwallon Afirka CAF ta ƙi amincewa da shi ba, har ƙungiyar ƙasa Mena ta koma karɓar baƙinta a Kwatano da Lome da biranen Maroko. Abin da masu duba fili ke bi shi ne lafiyar ciyawa, fitilu, ɗakunan ƴan wasa, ɗakin likita, kujeru da tsaro, duk abubuwan da kulawa ke riƙewa. Maraɗi ta nuna filin jiha na iya karɓar Afirka, lokacin gasar ƴan ƙasa da shekara 20 a Fabrairun 2019, kuma ba laifi Tawa ta yi wannan buri. Hanyarsa ita ce a gina madaidaici mai kyau, a bar gurbin ƙari a zane, a ƙara idan jama'a sun cika shi.

Kada kuma duk kuɗin su ƙare a birni. Ƴan wasan da za su cika filin gobe suna Barmu, Afala, Kalfu, Takanamat da Bambai, garuruwan da samari ke watsewa da an gama girbi, wasu kuma rashin tsaro na arewacin jiha ya taƙaita musu zirga-zirga. Fili mai shinge, da raga ta ƙarfe, da ƴan itatuwa, da takardar da ta hana a yanka shi, ba ya cin abin da rumfar manya ɗaya ke ci. Kowace ƙaramar hukuma ta samu irinsa, kowace sabuwar unguwa a Tawa a ware mata nata tun a taswirar yanka.

Kira a nan ga hukumar birni, da hukumar wasanni ta jiha, da sarakuna da masu unguwanni: a zauna yanzu, tun ba a ji ƙamshin kwangila ba. A kira masu horar da yara, da ƴan kasuwar bakin fili, da mata, da maginan gari, da malaman jami'a, a rubuta abin da Tawa ke so a takarda, a karanta shi da Hausa da Tamajak a gidajen rediyo kowa ya ji. Duk mai kuɗin da ya zo daga baya, a miƙa masa wannan takarda ya yi aiki da ita.